Batun Hannun Famfo da Raba Brennholt da Kessock

Zuwa ga:
Mai Girma Kwamishina,
Dakta Curtis Pellingham,
Gamayyar Wasannin Kwalejojin Tsakiyar Ƙasa,
Omaha, Jihar Nebraska.

Daga:
Uwargida Darlene Vlasak,
Titin Coci, Brennholt,
Jihar Nebraska.

Litinin, 15 ga Disamba, 2025

Ranka ya daɗe,

GAME DA: ƘORAFI KAN RABA GAMAYYA ZUWA SHIYYA BIYU, DA SOKE WASAN SHEKARA-SHEKARA TSAKANIN KWALEJIN BRENNHOLT DA KWALEJIN KESSOCK, DA ABIN DA HAKAN YA JAWO WA MISTA LELAND VLASAK

Bayan gaisuwa ta girmamawa, da fatan wannan takarda za ta sami Mai Girma cikin ƙoshin lafiya, shi da dukan ma'aikatan ofishinsa. Ni ce mai suna a sama, malamar firamare mai ritaya, matar Mista Leland Vlasak, manomi, tsohon ɗan wasan ƙwallo na Kwalejin Brennholt. A madadinsa na rubuto. Bai sa ni ba, kuma da na nemi izininsa da ya hana, shi ya sa ban nema ba. Ina roƙon Mai Girma ya yi haƙuri da tsawon takardar. Na yi ƙoƙarin gajarta ta, ta ƙi.

Tunda Mai Girma bai daɗe da kama aiki ba, kuma ba a wannan yanki ya tashi ba, ya zama dole in fara da bayani.

Brennholt tana yamma da kogi, Kessock tana gabas, gada ɗaya ce tsakaninsu. Ranar da iska ta juyo, daga barandarmu muna jin makaɗan Kessock suna gwaji, maigidana ya tashi ya rufe taga. Tun kafin a haifi iyayenmu kwalejojin biyu suke karawa kowace Asabar ta biyu a watan Nuwamba, bana a nan, baɗi a can. Wadda ta ci ita ke tafiya da Hannun Famfo. Wannan wani ƙarfe ne mai tsawon hannun mutum, na famfon wata rijiya da garuruwan biyu suka taɓa yin rigima a kanta. Rijiyar ta daɗe da ƙafewa. Kowace kwaleji tana naɗa wani tsohon ɗan wasanta ya zama mai riƙo, shi zai ajiye ƙarfen in an ci, shi zai miƙa in an sha kashi. Mai riƙon Brennholt shi ne maigidana, shekarunsa saba'in da tara. Mai riƙon Kessock shi ne Mista Milo Vlasak, shekarunsa tamanin da huɗu. Uwarsu ɗaya, ubansu ɗaya.

Mutanen nan biyu ba sa magana da juna tun watan Agusta na 1983, ranar da aka binne mahaifinsu. Kan wata gona ce. Maganar gonar ba ta ofishin Mai Girma ba ce, ba zan kawo ta ba, kotu ma ta gaji da ita. Ba sa waya, ba sa ziyara. In sun haɗu a kasuwar shanu, kowa ya mai da hankali kan saniyar da ke gabansa.

Amma al'adar wasa ta tanadi cewa da an hura usur na ƙarshe, masu riƙo biyu su sauko tsakiyar fili a gaban jama'a, su yi musabaha, ƙarfe ya sauya hannu ko ya tsaya inda yake. Makaɗa suna kiɗa da ƙarfi, ba mai jin abin da suke faɗa sai ni, domin ni ke tsayawa kusa ina riƙe wa maigidana kwat. A nan kaɗai suke magana, sau ɗaya a shekara. Zan kawo misalai domin Mai Girma ya gane irin maganar.

Shekarar da Connie, 'yar Mista Milo, ta haifa masa jikansa na fari, Kessock ce ta ci. Ya kama hannun maigidana ya ce, "Kai Auta, yaran nan naku ana ba su abinci kuwa? Connie ta haihu, namiji, kuma ko karensa ba zai yi karatu a Brennholt ba." Maigidana ya ce, "Allah ya raya shi, Allah ya sa kada ya ɗauko kunnuwanka." Da haka muka san an yi haihuwa, na aika da bargo.

Shekarar da aka yi wa maigidana aikin zuciya, Mista Milo ya ce, "An ce sun buɗe ƙirjinka. Sun sami wani abu a ciki?" Maigidana ya ce, "Sun samu. Likita ya ce irin ta gidanmu ce, sai da wuƙarsa ta dakushe."

A watan Satumba na 2016 matar Mista Milo, Verna, ta rasu. Maigidana ya je coci, ya zauna a bencin ƙarshe, ya fita kafin a tashi. Da Nuwamba ta zo, Brennholt ta yi wa Kessock cin da ba a taɓa yi ba. Na tsaya ina jiran baƙar magana. Maigidana ya karɓi ƙarfen, ya ce, "Yaranku sun yi ƙoƙari yau, Yaya." Ranka ya daɗe, ba su yi ƙoƙari ba. Mista Milo ya ce, "Ƙarya kake," bai kuwa saki hannunsa ba sai da makaɗa suka gama. Wannan ita ce ta'aziyyar, an yi, an karɓa.

Ga ƙorafe-ƙorafena.

1. Ranar Talata, 14 ga Janairu, 2025, Gamayya ta ba da sanarwar cewa ta karɓi sababbin kwalejoji huɗu, biyu daga Wyoming, biyu daga Illinois, kuma saboda haka ta rabu zuwa Shiyyar Gabas da Shiyyar Yamma. An ja layin rabon a kan kogi. Brennholt ta faɗa yamma, Kessock ta faɗa gabas. Ba a tambayi tsofaffin ɗalibai ba, ba a tambayi masu riƙo ba. A rediyo muka ji, tsakanin farashin masara da labarin yanayi. Bisa sabon jadawali, kwalejojin shiyyoyi daban za su riƙa haɗuwa ne bi da bi, kuma layi ba zai zo kan Brennholt da Kessock ba sai a shekarar 2031. Na ba da shekarun masu riƙo a sama. Ina roƙon Mai Girma ya yi lissafin da kansa. Ni na yi, ba na so in rubuta.

2. A kakar wasan da ta ƙare, motar 'yan wasanmu takan tashi tun ranar Alhamis, ta wuce ta bakin gada inda ake hango fitilun filin Kessock, ta juya baya ta nufi Wyoming. Yaran nan ɗalibai ne, ba aikin ƙwallo aka ɗauke su ba. Sun rasa darussan Juma'a, suna dawowa Lahadi ido ja. Iyayensu yawanci manoma ne, watan Oktoba kuwa lokacin girbi ne, ba mai barin injin yankan masara ya yi tafiyar yini biyu. Wannan ƙorafi ba nawa ba ne kai tsaye, amma na yi shekaru ina koyarwa, ba na iya ganin ɗalibi yana barci a aji in wuce.

3. Ranar Alhamis, 6 ga Maris, Gamayya ta turo Mataimakin Darakta, Mista Tanner Whitlock, ya yi wa jama'a bayani a ɗakin taron Kwalejin Brennholt. Saurayi ne mai ladabi, ba ni da ƙorafi kan tarbiyyarsa. Ya zo da majigi, ya nuna taswira mai launi biyu, ya ce wani kamfanin nuna wasanni ya fi son tsari mai shiyyoyi domin a sami wasan ƙarshe na zakaru. Ya ce kada mu damu, nan da 'yan shekaru sabuwar adawa za ta ginu tsakaninmu da kwalejojin Wyoming. Maigidana, wanda bai taɓa magana a taro ba tun aurenmu, ya ɗaga hannu, ya miƙe, ya cire hula.

Ya ce, "Samari, wa zan ƙi a Wyoming? Ban san kowa a can ba."

Jama'a suka yi dariya, Mista Whitlock ma ya yi, ya zaci wasa ne. Maigidana bai zauna ba. Ya ce, "To Hannun Famfo fa? Bara Kessock ta ci, yana can wajensu. Yaya za a yi da shi?"

Mista Whitlock ya duba takardunsa, ya ce, "Wane famfo, yallaɓai?"

Da aka yi masa bayani sai ya ce zai kai maganar sama. Maigidana ya sa hularsa, muka dawo gida. Da muka iso ƙofa, ya ce tayar gaba ta hagu tana bukatar iska.

4. A watan Afrilu na buga waya ofishin Gamayya in ji ko maganar ta kai sama. Wata baiwar Allah ta ce batun kayan tarihi na kwalejoji ne. Na je Kwalejin Brennholt, suka ce duk abin da ya shafi sakamakon wasa na Gamayya ne. Na sake bugowa a watan Yuni, aka haɗa ni da na'ura mai kiɗa. Kiɗan ba laifi.

5. Ranar Asabar, 8 ga Nuwamba, ita ce Asabar ta biyu. A tsohon tsari, bana a filinmu za a yi. A sabon tsari, Brennholt tana Wyoming, Kessock tana Illinois. Da hantsi na ga maigidana ya fito da koren jaket ɗinsa na kwaleji, ya sa, yana neman makullin mota. Na ce, "Leland, ina za mu?" Ya ce, "Yau Asabar." Na zuba kofi a filas, na naɗe burodin kolaci da na gasa, na bi shi.

Filin ba kowa. An riga an kwance ragar bayan sandunan gola, an lulluɓe allon maki. Ya hau ya zauna a mazauninsa na kullum a ɓangarenmu. Ba mu daɗe ba sai ga wata jar mota. Connie, 'yar Mista Milo, ta fito, ta zagaya ta buɗe wa mahaifinta. Ya fito da sanda a hannu ɗaya, ɗaya hannun rungume da wani abu a naɗe cikin bargo. Ba wanda ya gaya wa wani zai zo, na tabbatar da wannan daga baya. Ya bi gefen fili a hankali, ya hau ɓangaren baƙi, ya zauna, ya ɗora abin a cinya.

Suka zauna suna kallon ciyawa. Ana sanyi mai shiga ƙashi.

Na sauka, Connie ta sauko, muka haɗu a tsakiya, na zuba mata kofi. Ta ce, "Inna Darlene, tun asuba ya tashe ni. Na ce Baba ba wasa yau, ya ce shi bai ce akwai ba."

Na ce, "To ki ce ya sauko mana."

Ta ce, "Na faɗa. Ya ce mai riƙo ba ya sauka sai an hura usur."

Na hau wajen maigidana na ce, "Ga yayanka can ya taso da sanda, cikin wannan sanyi. Ka sauka ku gaisa." Ya ce, "Da wane sakamako?" Na ce, "Ba sai da sakamako ba." Ya dube ni kamar na ce a yi shuka a watan Disamba. Ya ce, "In na sauka ba a yi wasa ba, to wajensa na je."

Connie tana koyar da wasan motsa jiki a makarantar sakandare, tana da usur a jikin makullanta. Ta tsaya a tsakiyar fili ta hura da iyakar ƙarfinta. Tsuntsaye suka tashi daga rufin rumfa. Mahaifinta ya ɗaga murya daga can sama ya ce, "Ke ba alƙalin wasa ba ce!" Maigidana ya gyaɗa kai. Tun 1983 ban ga sun yarda kan abu ɗaya ba sai wannan.

Haka muka zauna har lokacin da wasa kan tashi. Mista Milo ya miƙe da ƙyar, ya sauko, Connie tana riƙe da shi. Da ya kai bakin mota ya tsaya, ya ɗan ɗaga abin da ke cikin bargo, ba tare da ya waiwayo ba. Maigidana ya taɓa bakin hularsa. Motar ta tafi. A wannan rana bai ci abincin dare ba, ya ce kofi ya cika masa ciki. Bai sha kofin ba, ni na zubar.

6. Ranar Litinin, 24 ga Nuwamba, Mista Milo ya faɗi a matakalar gidansa, ƙashin kwankwasonsa ya karye. An yi masa aiki, daga baya ciwon huhu ya shiga. Yana kwance a asibitin gundumarsu, a ƙetaren gada. Ranar Juma'ar da ta wuce likita ya ce wa Connie in akwai dangin da ke son ganinsa, kada su jira bayan Kirsimeti.

Mista Milo ya sa an kai masa Hannun Famfo asibiti. Ma'aikatan jinya sun yi magana, domin ƙarfe ne mai tsatsa, amma sun haƙura, yana jingine kusa da gadonsa. Connie ta ce masa, "Baba, in kira Baba Leland?" Ya ce, "Ya ci ne? Bai ci ba. Ba zan ba shi ba." Ta ce, "Ba maganar ƙarfe nake ba." Ya juya fuska bango, ya ce ta duba ko an bar fitilar hanyar ɗakunan asibitin a kunne, kada wani ya zo ya rasa lambar ɗaki.

Ni ma na yi nawa. Na yi da lallashi, na yi da faɗa, na turo masa limamin cocinmu, suka yi hirar farashin waken soya suka rabu. Na ce, "Leland, yayanka ne, ba ka da wani." Ya ce, "Na sani." Na ce, "To tashi mu je." Ya ce, "In na shiga ɗakin nan haka kawai, zai san mutuwa zai yi. Ba ni zan gaya masa ba." Ya fita wajen shanu. Mun sayar da shanun tun shekara biyu da suka wuce.

7. Na san Mai Girma zai ce wannan taurin kan tsofaffi biyu ne, ba laifin Gamayya ba. Gaskiya ne, kuma ba wanda ya fi ni sani, da ɗayansu nake kwana nake tashi. Ban ce Gamayya ce ta raba su ba. Abin da na ce shi ne, hanya ɗaya tak ta rage musu, ƙarama, mai ban dariya, amma tana aiki, kuma Gamayya ta rufe ta ba tare da ta san tana nan ba. Wanda ya ja layin nan a kan kogi, da ya tambayi ko da mai sayar da gyaɗa a bakin fili, da an gaya masa.

Saboda haka, cikin ladabi, ina roƙon abubuwa kamar haka.

Na farko, a zaman Hukumar Gudanarwa na ranar Talata, 20 ga Janairu, 2026, a duba yiwuwar mayar da wasan Brennholt da Kessock ya zama na kowace shekara, ko da suna shiyyoyi daban. Na ji ana yin haka a wasu wurare. Ba zai ci kuɗin mota ba, yaran za su iya takawa da ƙafa.

Na biyu, kuma wannan ya fi gaggawa, domin ba zai jira Janairu ba. Ina roƙon Mai Girma ya fitar da umarni a cikin makon nan, a kan takarda mai tambarin Gamayya, da sa hannunsa, cewa duk shekarar da ba a yi wasa ba, wajibi ne masu riƙo biyu su haɗu ido da ido kafin ƙarshen shekara, su duba lafiyar Hannun Famfo, su yi musabaha kamar yadda aka saba, a duk inda ƙarfen yake a lokacin. Ina roƙon a rubuta "wajibi ne", kada a rubuta "ana ba da shawara". In da hali a ƙara da cewa wanda ya ƙi za a tuɓe shi daga riƙo. Ba ruwana da wanda za a bar wa ƙarfen. A aika wa kowannensu kwafinsa da sunansa. Maigidana bai taɓa saɓa wa takarda mai tambari ba, ko ta harajin kare ce. Yayansa ma haka, gidansu ɗaya.

Na uku, in za a aiko da umarnin, kada a sa shi a akwatin gidan waya, wasiƙa daga Omaha takan yi kwanaki a wannan lokaci na bukukuwa. A bugo mini waya, zan zo da kaina in karɓa. Ina tuƙi, idanuna lafiya lau da rana.

Ban gaya wa maigidana na rubuta wannan takarda ba. Na dai ce a gabansa, ina wanke kwanoni, cewa na ji ana raɗe-raɗin Gamayya za ta fito da wata doka kan masu riƙo. Ya ce su dai ba sa rabo da ƙirƙiro wa mutane aiki. Washegari ya je aski. Ya cika tankin mota, ya share ƙanƙarar da ke hanyar gareji har bakin titi, ya ajiye motar tana fuskantar waje. Ya ce don batir ne. Kullum da hantsi yana tsaye a taga har mai rarraba wasiƙu ya wuce.

Ina roƙon Mai Girma kada ya bar shi a tsaye.

Allah ya ƙara wa Mai Girma lafiya da basira, ya taimake shi kan wannan aiki. Ina neman afuwa in na faɗi abin da bai dace ba.

Taka mai biyayya,

Darlene M. Vlasak (Uwargida)

Kwafi zuwa ga:
Shugaban Sashen Wasanni, Kwalejin Brennholt
Shugaban Sashen Wasanni, Kwalejin Kessock
Uwargida Connie Vlasak Reinke, ta hannu, a asibiti